Om Huɗu, Om Biyu, Om Ɗaya: Nauyin da Lasifika Ke Ɗora wa Amfilifaya a Cikin Mota

 

Duk mai motar da ya zo a sa masa kayan sauti, tambayarsa ta farko guda ce: "Wat nawa ce?" Mai shago ma wat yake talla, domin ita ce aka buga da manyan lambobi a jikin kwali. Lambar da ya kamata a fara tambaya kuwa tana can a bayan maganaɗisun lasifika, da ƙananan haruffa, wani lokaci ma ƙura ta rufe ta: om 4, ko om 2, ko om 8. A takardun kamfani impidans suke rubutawa, mu a bakin aiki om kawai muke cewa, kuma abin da ake nufi shi ne turjiyar da lasifika ke yi wa wutar da amfilifaya ke turo mata. A kan wannan ƙaramar lamba zan tsaya yau, domin yawancin amfilifayoyin da ake kawo muku a ƙone, da batiran da ke mutuwa kafin lokacinsu, da sautin da ke fashewa da zarar an ɗaga murya, idan aka bi salsalarsu a kanta ake tuƙewa.

Ƙa'idar tsohuwa ce. Wani Bajamushe malamin lissafi, Georg Simon Ohm, shi ya wallafa ta a 1827, kuma sunansa aka sa wa ma'aunin. Abin da ta ce shi ne, yawan wutar da ke bin waya, wadda muke aunawa da amfiya, daidai yake da bolt idan an raba shi da om. Ƙarfin aiki kuwa, wato wat, bolt ne sau amfiya. To mu ɗauki amfilifayar da iyakar abin da take fitarwa bolt 20 ne. Ka ba ta lasifika mai om 8, amfiya 2.5 za ta wuce, ka samu wat 50. Ka ba ta mai om 4, amfiya 5, wat 100. Om 2, amfiya 10, wat 200. Om 1, amfiya 20, wat 400. Amfilifayar ba ta sake ba, bolt ɗinta yana nan a 20, lasifikar ce ke ƙara jan wuta duk lokacin da turjiyarta ta ragu.

Wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai injin niƙa ya ga wannan da idonsa. Injin yana juyawa da gudunsa, mai niƙa ne ke buɗe maƙogwaron kwanon ko ya tsuke shi. In ya buɗe, hatsi ya zuba da yawa, gari ya fi fita, amma ka saurari kukan injin: ya yi nauyi, bel ya fara santsi, jikinsa ya ɗauki zafi. In ya ƙara buɗewa sai injin ya shaƙe ya tsaya. Rage om buɗe maƙogwaro ne. Waccan wat 400 da muka lissafa a takarda, sai amfilifayar da aka gina ta don ɗaukar amfiya 20 ce za ta iya bayarwa. Yawancin waɗanda ke kasuwa, in sun ba da wat 100 a om 4, a om 2 ba sa kai 200, sai su tsaya a 150 ko 170. A om 1 kuwa ko su kashe kansu jar fitila ta kama, ko su ƙone.

Me ya sa lasifikar ɗaki ta fi yawa a om 8, ta mota kuma a om 4? Ƙarancin bolt ne. Batirin mota bolt 12.6 yake nunawa in ya cika kuma mota na kashe. In inji na aiki altaneta ta ɗaga shi zuwa wajen 13.8 ko 14.4. Rediyon mota ba shi da wani abin ƙara bolt a cikinsa, da abin da ya samu yake aiki. Ku lissafa: 14.4 sau 14.4 ya ba da kusan 207, a raba da 4, an samu kusan 52. Kun ga inda "50W x 4" da ake bugawa a fuskar rediyo ta samo asali. Amma wannan ƙololuwa ce ta ƙiftawar ido. Sautin da zai ɗore ba tare da ya yanke ba, bolt ɗinsa bai wuce 10 da 'yan kai ba, wanda a om 4 yake ba da wajen wat 25 a takarda, a aikace kuma ƙasa da haka. Ɗan ƙaramin IC ɗin nan TDA7388 da ke cikin rediyoyi da yawa, kamfanin da ya ƙera shi da kansa wajen wat 25 ya rubuta masa a kowane canel a om 4, kuma a lokacin kashi 10 cikin 100 na sautin ya riga ya gurɓace. Da om 8 aka sa wa mota, da rabin wannan za a samu. Shi ya sa masu ƙera motoci suka tsaya a kan 4.

A nan nake da jan hankali ga ƙannenmu masu koyon aiki. Mai mota zai ce a ƙara masa lasifika biyu a baya, sai yaro ya laƙa su a kan wayoyin da suka riga suka tafi ƙofa, ja da ja, baƙi da baƙi. Om 4 biyu a haɗe haka sun koma om 2, a kan IC ɗin da aka yi don 4, wanda ke matse cikin dashbod babu iska. Zai yi kwana biyu yana kiɗa, sannan ya fara ɗaukewa in rana ta take, sannan ya yi shiru. Haka kuma wayar lasifika ta rediyon zamani, ko wadda aka yi wa alamar ragi, wuta ce a cikinta, ba a ɗaure ta a jikin mota. Wanda ya yi haka ya gama da canel ɗin.

Amfilifayar da ake sawa a but ta fita daga wannan ƙangi ne saboda a cikinta akwai sashen da ke ɗaga bolt 12 zuwa 30 ko 40 ko fiye. Amma wutar da take ɗagawa daga batir take jawo ta, ba ta ƙirƙiro ko wat ɗaya. Saboda haka in kwali ya ce wat 3000, ku juya amfilifayar ku dubi fiyus ɗin da ke jikinta. In amfiya 30 ne, to 30 sau 14.4 ya ba da 432. Iyakar abin da zai iya shiga cikinta ya ɗore ke nan, kuma ba duka zai fito a matsayin sauti ba, wani kaso zafi zai zama. Wat 300 ma da ƙyar. Kamfanonin da ke mutunta mai saye suna bin wani ma'auni na Amurka da ake kira CTA-2006, wanda a da ake ce wa CEA-2006: a auna a bolt 14.4, a om 4, gurɓacewar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Lambar wat da ba a faɗi a om nawa aka auna ta ba, ni ba na ɗaukar ta lamba.

Irin wannan dabara tana nan a kwalin lasifika ma. Za ku ga an rubuta ƙararta, misali desibel 91, sai a ƙasa a ce an auna da bolt 2.83. Wannan bolt ɗin a om 8 wat 1 ne cif. A om 4 kuwa wat 2 ne, a om 2 wat 4. Ke nan mai ƙaramin om ta sha wuta ninki kafin ta yi wannan ƙarar, amma a kwali sai ta zama kamar ta fi 'yar'uwarta inganci.

Yanzu mu zo kan abin da mai mota ke samu bayan duk wannan wahala. A ce komai ya tafi daidai, ka sauko daga om 4 zuwa om 2, wat ɗinka ya ninka daga 200 zuwa 400. Kunne ba ya jin ninki. Ninka wat desibel 3 kacal yake ƙarawa, wanda mutum zai ce, "E, ya ɗan ƙaru." Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, shi kuma wat ninki goma yake bukata. Daga 200 sai an je 2000. Wannan ita ce maganar da na fi so ku riƙe, domin a kan desibel 3 ake ƙona kayan dubban nairori. Bari in ƙara da abin da ya dame ni a matsayina na mai son sana'ar nan da masu yin ta: hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar zama cikin ƙara a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ƙarin da kunne bai cika lura da shi ba, shi ne ke ninka ɓarnar da ake yi masa. Ku da kuke cusa kai cikin but kuna gwada wufa, wato lasifikar bes, kullum, kunnuwanku su ne jarinku, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Kuɗin wannan desibel 3 kuwa da zafi ake biya. In amfiya ta ninka, zafin da ke tashi a kowace waya, da kowane haɗi, da kowane tabon dalma, ninki huɗu yake yi, saboda zafi yana bin amfiya sau amfiya. Amfilifaya ajin AB a ƙoƙarinta tana mai da wajen kashi 50 zuwa 65 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa sauti, saura duk a jikinta yake tsayawa. Ajin D ta fi ta tattali, takan kai 80 zuwa 90, shi ya sa kusan duk masu iya ɗaukar om 1 ajin D ne. Kuma mu tuna inda muke. A Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Yamai, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, motar da aka ajiye a rana cikinta yana wuce 60. Amfilifayar da aka gwada a ɗaki mai sanyi aka ce tana jure om 2, ita ce muke kifewa a ƙarƙashin kafet a but, kusa da tayar safaya, ga ƙurar hunturu ta toshe mata kafofin shan iska. Ratar da masu ƙera ta suka bar mata, yanayinmu ya riga ya cinye ta tun kafin a kunna.

Sai ɓangaren batir. A ce kana son wat 1000 na gaske daga ajin D mai tattalin kashi 80. Dole wat 1250 ya shiga. A raba da bolt 13.8, amfiya 90 ke nan. Altanetar ƙananan motocin da suka cika titunanmu yawanci tsakanin amfiya 70 zuwa 100 take, kuma da ita ake kunna fitilu, da fankar lagireto, da na'urar sanyi, da famfon mai. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan wannan wuta a kowane lokaci, bugu-bugu yake ja, to amma a lokacin bugun ne kuke ganin fitilar mota tana lumshewa. Kuma da zarar bolt ya faɗi, ƙarfin amfilifayoyi da yawa ya bi shi: daga 14.4 zuwa 12, kusan kashi 30 cikin 100 na wat ya tafi. Mutum ya sauka om 1 don ya ninka ƙarfi, wutar motar ta zauna, ya dawo kusa da inda ya taso, sai dai yanzu da altaneta mai zafi da batir mai galabaita.

Waya ma tana da nata rabo. Daga batir zuwa but wajen mita 5 ne. Wayar jan ƙarfe mai lamba 8 a wannan tsawo turjiyarta kusan om 0.01 ce. Kamar ba komai ba, amma a amfiya 90 ta cinye kusan bolt 1, ta mai da wat 80 zafi a ƙarƙashin kafet ɗin da iyali ke taka ƙafa. Mai lamba 4 ba ta cin ko rabin haka. Akwai kuma wayar nan mai kauri da kyan roba wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ku kankare ta da wuƙa, za ku ga fari ya fito, kuma a hannu ba ta da nauyi. Alminiyam kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka. Araha ba ta ado. Fiyus ɗin babbar waya kuma a kusa da batir ake sa shi, kada ya wuce santimita 45, domin wayar yake karewa, da motar, da mutanen ciki.

Yadda ake haɗa lasifikoki ba zan daɗe a kai ba, yawancinku kun sani. Haɗin jere, wanda kuke ce wa siris, om yake tarawa: 4 da 4 sun zama 8. Haɗin faralal raba shi yake yi: 4 da 4 sun zama 2. Wufa mai koyil biyu na om 4 tana ba da 2 ko 8, mai koyil biyu na om 2 tana ba da 1 ko 4. Don haka amfilifaya ake fara zaɓa, a ga a om nawa take ba da ƙarfinta cikin kwanciyar hankali, sannan a sayi wufar da za ta faɗa kan wannan lamba. Inda aka fi faɗawa rami shi ne birij. In ka haɗe canel biyu suka tura lasifika ɗaya, kowane canel rabin om ɗin yake gani. Wufa mai om 4 a birij, om 2 ce a wurin kowane canel. Wufa mai om 2 a birij, om 1 ce. Amfilifayar da aka rubuta wa "om 2" a canel ɗaiɗai, a birij iyakarta om 4, kuma mafi yawan ƙananan amfilifayoyi masu canel biyu haka suke.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu, na yi kamar om 4 tsayayyar lamba ce. Ba haka take ba, kuma a nan ne batun ya fi daɗi. Ɗauki mita, juya ta zuwa om, fara haɗa bakunan wayoyinta biyu da juna. Za ka ga 0.2 ko 0.3, wannan na wayoyin mitar ne, ka riƙe shi ka cire daga baya. Sannan ɗora su a kan ƙafafun lasifikar da aka rubuta wa om 4. Ba za ka ga 4 ba, 3.2 zuwa 3.6 za ka gani, kuma lafiyarta ƙalau. Mita turjiyar zallar wayar koyil take aunawa, lasifika na zaune. Yanzu, mitar na nan a haɗe, sa yatsu ka ɗan danna faifan a hankali. Lambobin za su yi tsalle, su haura, su sauko, wani lokaci har su nuna ragi. Dalili shi ne koyil da ke motsi cikin maganaɗisu janareta ne, wuta yake haifarwa. Wannan tsari na koyil mai motsi shi ne Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana a 1925, kuma har yau a kansa lasifikar ƙofar motarka take.

Wutar nan da koyil ke haifarwa, gaba take yi da wadda amfilifaya ke turowa. Kowace lasifika tana da wani amo da ta fi kaɗawa a kansa cikin sauƙi, a wufa yakan faɗo wajen kaɗawa 30 zuwa 50 a daƙiƙa. A daidai nan turjiyar wufa mai om 4 tana iya haurawa 30 ko 40. In aka wuce wurin sai ta sauko kusa da abin da mita ta nuna, sannan ta sake hawa a hankali yayin da sauti ke ƙara siranta. Akwati ma yana sauya zanen: rufaffe tudu ɗaya yake yi, mai huda tudu biyu, da kwari a tsakaninsu. Lambar da ke bayan maganaɗisu suna ne kawai na kusa da wurin da turjiyar ta fi ƙasa.

Wannan ne amsar wanda zai ce mini, "Malam, ai maigidana a om 1 yake haɗa ta kuma ba ta ƙone ba." Na yarda. A yawancin amon kiɗan, amfilifayar ba om 1 take gani ba, 2 ko 3 take gani ko fiye. Tana tsira ne da wannan. Ranar da aka sa waƙar da bes ɗinta ya zauna a cikin kwarin, da azahar, mota na tsaye a cunkoso, bolt ya yi ƙasa, ranar za ta ga om 1 na gaske.

Zafin koyil ma yana ƙara turjiya. Jan ƙarfe yana ƙara kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Koyil ya ƙara digiri 100, abin da ba wuya a wufar da ake ƙure wa murya, turjiyarsa ta hau da kashi 40. Om 3.5 ya koma kusan 5, wutar da ke shiga ta ragu, bes ya yi sanyi. Direba ya ji sauti ya ja baya sai ya ƙara murya, koyil ya ƙara zafi, har gam ya narke, aka ji wannan warin da duk kun sani.

To ingancin sauti fa? Shin om 4 ya fi om 2 daɗin ji? A nan ina so in yi adalci, domin masu talla sun cika baki ta kowane ɓangare. Akwai abin da ake kira ƙarfin riƙo, wato yadda amfilifaya ke tsai da faifai bayan bugu kada ya ci gaba da rawa. Ana samun sa ne in an raba om na lasifika da turjiyar cikin amfilifaya. In ta cikin 0.02 ce, a om 4 an samu 200, a om 1 an samu 50. Sai a ce maka riƙo ya ragu ninki huɗu. Lissafin daidai ne, amma an manta cewa wutar da ke taka wa faifai birki dole ta bi ta cikin wayar koyil ɗin kansa, mai om 3 da wani abu, wadda ta ninka waccan 0.02 sau fiye da ɗari. A ra'ayina, matuƙar wayar lasifika mai kauri ce kuma gajera, kunne ba zai bambance 200 da 50 ba. Bes ɗin da kuke ji yana ruri ba shi da kai, ku fara tuhumar akwatin da aka ƙera ba bisa awo ba, da murfin but mai karkarwa.

Inda om ke taɓa sauti da gaske shi ne in amfilifaya ta gaji. Yawancinsu gurɓacewar sautinsu tana ƙaruwa in an rage om, kuma in wutar cikinsu ta zauna sai kan sautin ya yanke. Shi ne kuke ji murya ta yi kaushi, kalangu ya koma kamar ana yaga ƙyalle. Yankakken sauti yana ɗauke da ƙarin zafi da ƙarin siririn amo, kuma tuwita, wato lasifikar siririn sauti, ita ce ke fara biya. A wufa kunne yana yafe ɗan gurɓacewa, amma a ƙofa, inda muryar mawaƙi da ta mai karatu suke, ba ya yafewa. Maɓallin gen da ke jikin amfilifaya kuma don daidaita ta da rediyo aka yi shi, ƙure shi ba ya ƙara mata wat, yankewar kawai yake gaggautowa.

Wuri na biyu shi ne ɗan kafasitan da ke gaban tuwita, wanda ke tare mata kauri ya bar siriri ya wuce. Iyakar da yake yankewa ta dogara da om. Kafasita mai lamba 10, wato maikurofarad 10, a gaban tuwita mai om 4, a wajen kaɗawa 4000 a daƙiƙa yake yanka. Ka sauya tuwitar da mai om 8 ka bar kafasitan, iyakar ta sauko 2000, amon da ya fi ƙarfinta ya shige ta, ba za ta yi tsawon rai ba. Ka laƙa tuwita biyu masu om 4 a bayansa, sun zama 2, iyakar ta haura zuwa wajen 8000, sai a samu giɓi a tsakiyar sauti, haruffa irin su sa da sha su dushe. Mai mota zai ce rediyon ne ba shi da kyau, alhali hannunmu ne.

Akwai abubuwan da suka fi shafar mu nan gida. Yawancin motocinmu na hannu ne, kuma wasu sun zo da tsarin sauti na Bose ko JBL tun daga kamfani, da 'yar amfilifayarsu a ɓoye a ƙarƙashin kujera ko a but. Lasifikokin irin waɗannan sau da yawa om 2 ne, wasu ma ƙasa da haka. Ka cire ɗaya ka sa mai om 4, wannan ƙofar ta yi ƙasa da sauran. Ka tsinto irinsu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka ka ɗora wa rediyon kasuwa, ka ɗora masa ninkin kayansa. Ga kuma naɗin koyil, sana'ar da nake girmamawa, domin tana ceto kayan da a wasu ƙasashe shara za su tafi. Sai dai in mai naɗi ya sa wayar da ta fi ta asali kauri, ko ya rage zagaye, om ya sauka. Ƙofar dama ta nuna 3.4, ta hagu 2.1, sauti ya karkata gefe guda, canel ɗaya ya riƙa zafi shi kaɗai. Duk lasifikar da ta dawo daga naɗi a auna ta a gwama da 'yar'uwarta kafin a ɗaura. Wufa mai koyil biyu kuma a gwada kowane koyil da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, a ga faifan ya yi gaba a duka biyun. In ɗaya na turawa ɗaya na ja, sauti ba zai fito ba, wutar duka zafi za ta zama. Wannan gwaji ban da tuwita.

Sai lasifikokin ƙaho da ke kan motocin masu tallar magani, da na wa'azi, da na kamfen. Irin na kamfanin Ahuja na Indiya da aka saba gani, kawunansu yawanci om 16 ne. Huɗu a faralal sun ba da om 4 daidai, sai a ɗaura su a ƙafar da aka rubuta 4 a bayan amfilifayar. In mai mota ya ƙaro biyu suka zama shida, om ya faɗo ƙasa da 3, kuma babu ƙafar da ta dace da shi.

Hukuncina, da yanayinmu da motocinmu, shi ne ƙofofi su zauna a om 4. Wufa ta sauka om 2 in amfilifayar ajin D ce kuma kamfaninta ya rubuta haka ƙarara. Om 1 kuwa sai ga wanda ya yarda ya sayi babbar altaneta, da wayar jan ƙarfe ta gaske, ya kuma ba amfilifayar wurin shan iska. Wanda ke son ƙarin ƙara da kuɗi kaɗan, akwatin da aka ƙera bisa awon wufarsa da toshe kafofin ƙofa za su ba shi abin da rage om ba zai ba shi ba.

Roƙona ga iyayen gidanmu: mita ba ta kai kuɗin amfilifaya ɗaya da ta ƙone ba. Ku saya wa yaranku, ku koya musu auna kowane layi a bakin amfilifaya kafin a ɗaura waya, ku sa su rubuta lambar da suka gani a jikin akwatin da alƙalamin da ba ya gogewa, domin wanda motar za ta je hannunsa gobe ya san abin da aka haɗa. In mai mota ya matsa sai an yi masa haɗin da kayansa ba za su ɗauka ba, ku yi masa lissafin a gabansa, in ya ƙi ji ku ce ya kai wani wuri.